Mai Kilishi da Iskar Kurfai

Tsokar saniyar da aka yanka da asuba, kashi uku cikin huɗu na nauyinta ruwa ne. Idan mahauci ya ɗora kilo 4 a sikeli, kusan kilo 3 ruwa ya auna. A cikin ruwan nan ƙwayoyin da ke ruɓar da nama suke rayuwa suna hayayyafa, kuma a zafi irin na Filinge cikin Afrilu, lokacin da ma'aunin zafi yake haura digiri 40, ba sa jiran kowa. Naman da aka bari a tire tun hantsi, kafin magariba ya soma sauya launi, kafin gari ya waye ya soma tashi. Sana'ar mai kilishi kacokan a nan ta tsaya: ya fitar da ruwan kafin ruɓa ta riga shi, kuma ya fitar da shi ta yadda naman zai taunu, ya yi daɗi, ya yi watanni a ajiye. Ba firji gare shi ba, ba ma'aunin laima. Wuƙa ce da shi, da gadon kara, da sanin halin iskar garinsu.

Idan ana zancen kilishi a Nijar, sunayen da ke fara faɗowa a baki su ne Madawa da Tasawa da Gidan Rumji da Yamai, a tsallaken iyaka kuma unguwar Agadasawa ta birnin Kano. Ba a cika sa Kurfai a lissafin ba, alhali duk abin da sana'ar take nema yana nan. Filinge ta ƙasar Kurfai tana kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a bakin Dallol Boso, tsohon kwarin nan da ya gangaro daga Azawak ya nufi kogin Isa. Ƙasa ce da manomi da makiyayi suke shan rijiya ɗaya. Ruwan shekara kimanin milimita 400 ne ko ƙasa da haka, yawancinsa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba, sauran watannin kuwa na busasshiyar iska ne. Ga kuma dabba. A Tukunus, kimanin kilomita 20 arewa da Filinge, akwai tashar gwajin kiwo da aka fara kafawa a Filinge a 1931 kafin a mayar da ita can a 1954, kuma aikinta shekara da shekaru shi ne tace irin shanun Azawak, jajayen nan masu nono da tsoka. Daga Cikal, cibiyar ƙaramar hukumar Kurfai ta Tsakiya, har Baleyara mai babbar kasuwar dabbobi ta ranar Lahadi, ba a rasa mahaucin da ya gaji shanyar nama wurin ubansa.

Tun a mayanka aikin yake farawa. Mai tsire da mai balangu kitse suke bi, don shi yake narkewa a wuta ya kira masu saye da ƙamshi. Mai kilishi gudun kitse yake yi. Kitse ba ya bushewa, kuma in ya daɗe iska tana dukansa sai ya juya, ya yi hamami da maƙaƙi, ya ɓata duk abin da ke jikinsa. Saboda haka cinya yake nema da tsokar gadon baya, jan nama zalla. Zai zauna ya bi kowane curi yana ɗaye tantani, yana zare jijiya, yana ƙwaƙulo kitsen da ya ɓuya tsakanin tsoka da tsoka. Yaron da aka kawo koyo nan ake fara ajiye shi, kuma yakan jima a nan kafin a yarda ya taɓa wuƙar yanka.

Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli yankan ba, ya daure wata rana ya tsaya. Gwani yana zaune a ɗan benci, curin naman da ya cika tafi yana hannun hagu, siririyar wuƙar da ta sha wasi tana dama. Ba gunduwa-gunduwa yake yi ba. Sai ya tsaga gefe guda, ya kwantar da kaifin, ya riƙa jan wuƙar sannu-sannu yana mirgina curin da yatsu, naman yana sauka daga hannunsa kamar ana warware rawani. Curin yana ƙanƙancewa, shimfiɗar tana ƙara tsawo, har ta kai kamu biyu ko fiye ba ta tsinke ba. Idonsa ma ba dole ne ya kasance a kan wuƙar ba, yana iya amsa gaisuwa ko ya yi ciniki hannu bai tsaya ba. Yatsun da ke ƙarƙashin naman su suke jin tafiyar kaifi ta cikin tsoka, su suke gaya masa ya danna ko ya sassauta. Jim kaɗan sai ya goga wuƙar a dutse ko a jikin 'yar'uwarta, ya ci gaba.

Kaurin da ake so bai wuce milimita 3 ko 4 ba. Siranta tana da wuya, amma daidaito ya fi ta wuya. Idan yaro ya fara yanka, maigida yakan ce masa, "Kai yaro, ɗaga shi sama ka dubi rana ta cikinsa." Inda haske ya ratso bai ɗaya, yanka ya yi. Inda ya yi duhu, an bar tudu. Inda ya yi fari tas, saura ƙiris ya huje. Yaron ya ce, "To, Baba," ya koma ya kwantar da wuƙa a kan tudun.

Wannan tsananin yana da dalili. Ruwan da ke tsakiyar nama sai ya yi tafiya ya iso fuska kafin iska ta ɗauke shi, kuma tafiyar tana tsawaita fiye da yadda kauri yake ƙaruwa: in kauri ya ninka biyu, lokacin bushewa yakan ninka kusan huɗu, in ya ninka uku, kusan tara. Ke nan shimfiɗar da za ta bushe cikin awa 4, tudun da aka bari a jikinta mai ninkin kaurinta yana iya neman awa 16, wato ya kwana da ruwa a ciki. Daga wannan tudun wari yake tasowa, kuma guda ɗaya ya isa ya sa mai saye ya tofar, gobe ya sauya rumfa.

Bayan wuƙa sai iska. Iska tana da iyakar ruwan da take iya ɗauka, kuma iyakar tana ƙaruwa da zafi. Iskar da ta cika akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi tana iya riƙe kimanin giram 17 na ruwa a digiri 20, giram 30 a digiri 30, giram 51 a digiri 40. Abin da masu hasashen yanayi suke kira laimar iska shi ne kashi nawa na wannan iyakar ya riga ya cika. Da rana cikin hunturu da farkon bazara, lokacin da iskar arewa maso gabas take busowa daga Sahara, laima a wannan yanki takan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100, wani lokaci har ta kusanci 10. A digiri 35 da laima kashi 15, giram 6 kaɗai iskar take ɗauke da shi cikin kusan 40 da take iyawa. Saura gurbin fiye da giram 30, kuma daga jikin naman da ke shanye za ta nemi cike shi. A Agusta kuwa, a digiri 30 da laima kashi 80, gurbin giram 6 ne kacal ya rage. Gadon kara ɗaya ne, nama ɗaya ne, amma ƙishirwar iskar ta ragu fiye da ninki biyar.

Mai kilishi bai san giram-giram ɗin nan ba, amma ya san abin da suke haifarwa, kuma tun bai sayi nama ba yake auna su. Da asuba zai duba ko raɓa ta sauka a ciyawa da sirdin babur. Zai damƙi gishirin da ya kwana a kwano: in ya zube wara-wara, ranar shanya ce, in ya cure a hannu, iska ta sha ruwa. Zai ga inda hayaƙin murhu yake karkata. Muddin daga gabas iska take fitowa, hankalinsa kwance yake. Ranar da ta juya ta soma zuwa daga kudu maso yamma, wajajen Mayu, ko hadari bai haɗu ba ya san lissafi ya sauya. Sai ya rage naman da zai saya, ya ƙara siranta yanka, ya fitar da shanya da wuri. A duk sana'ar wannan sashen na fi girmamawa, domin da duhun asuba ake yanke hukuncin, rana ba ta nuna halinta ba tukuna, kuma in aka kuskure jari ne yake tafiya.

Ana shimfiɗa naman a kan asabari ko gadon kara da aka ɗaga daga ƙasa, iska ta bi ta sama ta bi ta ƙasa. Kara ya fi kwanon rufi nesa ba kusa ba, don kwano zafi yake ɗauka ya dafa gefen da ya kwanta a kansa, ya kuma tsare ruwa a wurin. Ana miƙar da kowane falle sosai, saboda nama yana tsukewa in yana bushewa, kuma duk inda ya naɗe ruwa ya sami maɓoya. Fuska na ƙamewa sai a ɓamɓare a juya. Cikin rani 'yan awoyi sun wadatar. Sai dai iskar rani ma ba a sakar mata nama a tafi barci. In shanya ta wuce kima a tsakar ranar bazara, naman zai ƙandare, ya manne wa kara, ya karye wajen ɗagawa, abin da za a sayar falle-falle ya koma ɓaraguzai. Gwani yana kwashewa ne daidai lokacin da naman ya yi duhu, ya daina manne wa yatsa, amma har yanzu yana lanƙwasuwa. Matan makiyaya masu yin cuku su ma wannan hanyar suke bi: falle-falle suke shimfiɗa shi a tabarma, iska ta gama musu aiki.

Don a ga girman wannan dabara, yana da kyau a leƙa yadda wasu ƙasashe suke fama da matsalar. Turawa ma suna busar da naman shanu, amma a dunƙule. A kwarin Baltelina na arewacin Italiya ana yin wanda suke kira bresaola, curin cinya guda da ake cuɗa shi da gishiri da kayan ƙamshi, a rataye shi makonni. Curi mai kauri haka ba ya shiri da busasshiyar iska. In bayansa ya yi saurin bushewa sai ya yi ɓawo mai tauri ya toshe wa ruwan ciki hanya, waje ya ƙame, ciki ya lalace. Shi ya sa suke neman sanyi da laima tare: digiri 10 zuwa 15, laima kashi 70 zuwa 80, a bar naman yana zubar da ruwa a hankali har ya rasa kimanin kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa.

A da, ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da iskar duwatsu suke ba su wannan yanayi. Yanzu wanda yake son yi a gidansa a Turai ko Amurka tsohon firji yake samu ya mayar da shi ɗakin rataya. Firji kuwa, musamman irin wanda ba ya tara ƙanƙara, tsotse laima yake yi duk sa'ad da injinsa ya tashi, dole sai an sa masa na'urar da za ta mayar da ita. Zaɓen na'urar nan shi kansa wani ilimi ne a wurinsu. Ba sa son mai tafasa ruwa, don tururinta yana ɗumama akwatin, firji ya yi ta kokawa da ita. Sun fi son ƙarama mai fesa hazo mai sanyi, kuma mai maɓallin murɗawa da hannu, saboda wani ma'auni ne daban yake ba ta wuta yana yankewa gwargwadon laimar da ya ji, ita kuwa ta zamani mai maɓallin latsawa in aka yanke mata wuta ba ta tashi da kanta. Ruwan da za a zuba mata sai tatacce, in ba haka ba gishiri da kanwar da ke cikinsa su bi hazon su sauka a kan nama. Tankinta sai an riƙa wankewa, don ruwan da ya daɗe kwance gidan ƙwayoyin cuta ne. Ba a saita bakinta kan naman. Da yawa ma sukan ƙara wata na'urar mai tsotse laima, domin a kwanakin farko naman da kansa yake cika akwatin da danshi.

Ban raina wannan aiki ba. Masu yinsa suna da haƙuri da tsabta, abin da suke fitarwa kuma ya cancanci yabo. Amma duk tarin kayan nan abu guda aka tara su su magance, wato nisan da ke tsakanin tsakiyar curi da bayansa. Kakannin mahautanmu sun dubi nisan nan suka share shi da wuƙa. Naman da bai wuce milimita 3 ba ba shi da cikin da ɓawo zai kulle, don haka iskar da za ta lalata bresaola ita ce take gama wa kilishi shanyar farko kafin la'asar. Matashin da ya ga hotunan akwatunan nan a waya har ya fara tunanin kafa irinsu a Filinge, ya fara tambayar kansa wane nama zai yi. In kilishi ne, na'urar ƙara laima ba ta da wurin zama a shagonsa ko na wata ɗaya cikin shekara. In curi ne irin na Italiya, ya sani makonni ake so wuta ba ta ɗauke ba, kuma duk wanda ya ga duhun da aka sha bayan Najeriya ta katse wa Nijar lantarki a Agustan 2023 ya san nauyin wannan sharaɗi. Ga shi kuma ɗanye ake cinsa, ba ya ganin wuta, shi ya sa masu yinsa suke haɗa gishirinsu da sinadarin naitirait a kan ma'auni na ƙa'ida don tare guba mai kisa. Wannan ba a yinsa da ƙiyasin ido.

Mu koma gadon kara. Abin da yake ba baƙo mamaki a kilishi shi ne, bayan an sha wahalar fitar da ruwa, sai kuma a mayar masa da wani. Ana samun tunkuza, gyaɗar da aka matse wa mai, a dama ta da ruwa, a zuba citta da kanumfari da masoro da kimba da barkono da tafarnuwa da albasa da gishiri da magi, wasu har da ɗan sukari. Shi ne labu. Kowane gida da ma'auninsa, kuma ba a gaya wa baƙo. A Nijar iri uku aka sani: akwai ja, wanda aka sa wa labunsa jan launi, akwai fari, mai labu ba launi, akwai kuma rumuzu, wanda ba ya shiga labu sam, mai da gishiri da yaji kawai ake shafa masa. Wanda yake son sanin hannun mai yanka, rumuzu zai saya, don babu abin da ya rufe naman.

Kwaɓin labu ma da yanayin ranar ake yinsa. Busasshen falle yana shiga roba zai fara sha. In labu ya yi ruwa-ruwa, naman zai koma kusan inda ya fito, a sake shanya daga farko, ga shi yanzu yana ɗauke da gyaɗa da albasa masu saurin tsami. In ya yi kauri da yawa, sama zai tsaya bai ratsa ba, yana bushewa ya fara zubewa. Gwani yakan tsoma hannu ya ɗago ya ga yadda yake sauka daga yatsu, ranar da iska ta yi nauyi ya rage ruwa ya kuma share abin da ya taru a jikin falle kafin ya mayar da shi rana. Mutanen Kaiseri ta Turkiyya suna da makamancin wannan a basturmarsu, suna shafe busasshen naman shanu da kwaɓin hulba da tafarnuwa da jan barkono, ya tsare shi daga fumfuna da wuce kima a bushewa. Wani abu da ba a cika faɗa ba shi ne, lafiyar labu tana hannun matar da ta matse man. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana iya ɗaukar gubar afalatoksin mai cutar da hanta, kuma gashi ba ya kawar da ita. Mai kilishin kirki ya san gidan da yake sayen tunkuza, ya san ana tsince gyaɗar kafin a soya.

Bayan shanya ta biyu sai wuta. Garwashi ake so wanda harshensa ya kwanta, a ɗora raga a kai, a shimfiɗa falle na 'yan mintoci ana juyawa, har man gyaɗar ya taso ya yi sheƙi. Gashin nan gajere ne amma aikinsa da yawa: yana nunar da labu, yana kashe abin da ƙuda da ƙura da hannu suka bari, yana korar ragowar danshi. Kilishin da ya sauka daidai, ruwan da ya rage a jikinsa kimanin kashi ɗaya cikin goma ne, wurin da yawancin ƙwayoyin ruɓa ba sa iya motsi. Shi ya sa ya zama guzurin fatake tun da can, yau kuma tsarabar duk wanda ya bar Nijar zuwa wata ƙasa.

Ana iya yin duk wannan daidai a zubar da shi a minti na ƙarshe. Kilishin da aka naɗe a leda da ɗuminsa gumi yake yi, ruwan ya taru a jikin ledar ya koma cikin nama, bayan 'yan kwanaki a buɗe a ga fumfuna. Sai ya huce sarai a sarari tukuna. Cikin rani takarda ta wadatar, don tana barin iska ta wuce. Cikin damina kuwa abin juyawa yake yi: busasshen nama yana jan laimar ɗaki, ya yi laushi, don haka da zarar ya huce gara a rufe shi ruf a abin da iska ba ta shiga.

Damina ita ce jarrabawar sana'ar. Shanyar da take ƙarewa kafin azahar cikin Fabrairu tana iya cin yini guda ta nemi na biyu. Ƙuda ya yawaita, kuma naman da ya daɗe da danshi a fuska shi yake nema ya yi ƙwai. Ana cikin haka sai gabas ta yi baƙi, iska mai ƙura ta riga ruwa isowa. Nan za ka ji maigida yana, "Ku kwashe, yara, ku kwashe!" Biyu-biyu suke ɗaukar asabari, ɗaya gaba ɗaya baya, a guje zuwa zaure, ba a ɗora wani kan wani don kada fallayen su manne. A ciki a jera su a jikin bango, a hura garwashi nesa kaɗan, ba don gashi ba, don ɗumin ya ƙara wa iskar ɗakin gurbin ɗaukar ruwa, a bar ƙofa da taga a buɗe danshin ya sami mafita. Wasu mahautan rage aiki suke yi a watannin nan, wasu su koma tsire da balangu har kaka ta shigo. Ban ga laifinsu ba. Wanda ya san iyakar abin da iskar ranar za ta iya ya ƙi sayen cinya ta biyu, shi ma gwaninta ya nuna.

Son da nake wa sana'ar bai hana ni ganin inda take da rauni ba. Shanya a bakin hanya, motoci suna tayar da ƙura, ƙudaje suna sauka suna tashi, abu ne da ya kamata a ce an wuce shi. Gashi yana rage illar, amma ba ya fitar da yashi daga haƙori. Maganin kuwa bai kai tsadar firji ba: raga mai ƙananan idanu a kewaye gadon, rufin farar leda mai barin rana ta shiga ta tare yayyafi, da 'yar fanka mai aiki da hasken rana don iska ta riƙa wucewa. Fankar ita ce ginshiƙi. Akwatin da aka rufe da leda babu mafitar iska zafi kawai yake tarawa tare da danshin naman, ya turara shi maimakon ya busar.

A 2023 ƙungiyar OAPI, mai kare haƙƙin fasaha a ƙasashen Afirka da dama, wadda cibiyarta take Yawunde ta Kamaru, ta miƙa wa Nijar takardun shaidar da suka kare sunan kilishin Nijar da na albasar Galmi, tare da cuku da fatar jar akuyar Maraɗi. Suna irin wannan yana zuwa da ƙa'idojin aiki a rubuce, kuma mai saye na ƙasar waje zai so kilishin Agusta ya zama daidai da na Janairu. A nan ƙaramin ma'aunin laima, irin mai batir da ake ratayewa a ƙusa, zai yi wa mahautan Kurfai amfanin da na'urar fesa hazo ba za ta taɓa yi musu ba. A rataye shi a gefen gadon kara, cikin inuwa. Kowace safiya yaron gidan da ya yi makaranta ya rubuta lambar da ya nuna, ya rubuta abin da tsohon ya faɗa bayan ya damƙi gishiri, da kaurin da aka yanka, da lokacin da aka shimfiɗa da lokacin da aka kwashe. In aka yi haka daga kaka zuwa kaka, gidan zai sami jadawalin shanya na ƙasarsa, wata bayan wata, wanda sabon yaro zai duba ya san ranar da za a sayi cinya biyu da ranar da ɗaya ta isa.